Yaron da aka ce ba ya ji

Kalmar "ji" tana ɗauke da kaya masu yawa a bakinmu. Da ita muke cewa kunne ya ɗauki sauti, da ita muke cewa an fahimta, da ita kuma muke cewa an yi biyayya. Wanda ya iya Zabarmanci mu ce yana jin Zabarmanci, wanda ya bi umarnin uwarsa mu ce yana jin magana. Saboda haka idan uwa a Bukoki ko Wadata ta ɗaga murya ta ce "yaron nan ba ya ji", tuhuma uku ta haɗa a jimla ɗaya, kuma kusan kullum ta ukun take nufi.

Ɗan yayata ya daɗe yana shan wannan shaida. Shekararsa 9 lokacin da na zauna gidansu a Yamai. Uwarsa za ta miƙa masa dala 100 daga bakin murhu ta ce: "Je wajen mai tebur ka sayo magi da tattasai da gishiri, ka biya gidan maƙwabciya ta aro mini rariya, kada ka bar canji." Ya ce "to, Inna", ya fita a guje tun ba ta rufe baki ba. Bayan rabin sa'a sai ga shi da magi kaɗai, da labarin wata taksi da ta faɗa kwata. Ya sha duka, washegari ya sake. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskarsa in ya shigo. Da ya haɗa ido da uwarsa sai ka ga abin ya faɗo masa, idanunsa su firfito, ya juya zai koma. Mai raini ba ya yin haka. Mai raini shigowa yake yi yana tafiyar isa.

Daga baya wani likita ya ba abin suna. Masu Ingilishi na kiransa ADHD, likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci na cewa TDAH. In za a faɗe shi da Hausa, larura ce ta kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, wadda sau da yawa take zuwa da yawan motsi da gaggawar aikata abu kafin a yi tunani. Masu cewa wayar salula ce ta kawo ta sun makara da shekaru masu yawa. Wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya bayyana irin wannan rashin natsuwa tun 1798. A 1902 kuma likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan wasu yara masu cikakken hankali amma ba su iya kama kansu, ya ɗauki abin a matsayin naƙasa ta ɗabi'a. Wato shi ma Baturen da ma'aunin tarbiyya ya fara auna su, kamar yadda muke yi. Sunan ADHD bai zauna ba sai a 1987.

Littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke amfani da shi, DSM, a bugunsa na 2013 ya jera alamomi 18: tara na rashin tsayar da hankali, tara na motsi da gaggawa. Biyar daga ciki magana ce zalla. Ana yi masa magana kai tsaye amma kamar ba ya saurare. Ba ya ƙarasa abin da aka umarce shi. Surutu ya yi masa yawa. Yana ba da amsa tun ba a gama tambaya ba. Yana katse mutane, yana shiga zancen da ba nasa ba. To, a ajiye littafin a tambayi kowace tsohuwa a Zongo yadda ake gane ɗan da ya samu tarbiyya. Za ta ce yana sauraron babba, yana isar da aike, ba ya sa baki in manya na magana, ya san inda ake shiru. Wurare biyar ɗin nan da larurar ke kamawa su ne daidai wuraren da muke duba asalin mutum. Shi ya sa a wajenmu abin ba ya tsayawa kan yaro. Har uwarsa ake zagi.

Kuma ba abu ne da ake nema da fitila ba. Wani nazari na 2007 da ya tattara bincike sama da 100 daga sassan duniya ya samu kusan yara 5 cikin 100, wani na 2020 da ya taƙaita kan Afirka ya samu kusan 7. Manya kuwa ana ƙiyasta 2 zuwa 3 cikin 100. Mushen makarantar da ke da yara 60 a aji yana iya lissafa nasa. Binciken tagwaye ya nuna gado ke da kaso mafi girma, kusan 74 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane kan wannan hali. Sau da yawa uban da ya ɗauko bulala shi ma bai taɓa ƙarasa sauraron kowa ba, kakar yaron ce kaɗai ke tuna haka, tana murmushi.

Abin da ke faruwa a kai ya fi sauƙin ganewa in aka tuna allo. Kowane mutum yana da wani ɗan allo a ƙwaƙwalwarsa inda yake riƙe abin da aka gaya masa yanzu-yanzu har ya gama amfani da shi: lambar waya kafin ya rubuta, farkon jimla kafin mai magana ya kai ƙarshenta, jerin kayan cefane kafin ya isa kasuwa. Allon kowa ƙarami ne. Na mai wannan larura kuwa, ban da ƙanƙanta, duk abin da ya gifta sai ya wanke shi ya hau kai. Magi, tattasai, gishiri, rariya, canji: abu biyar. Taksi ta faɗa kwata, huɗu sun goge. Kunnen ya ji, yaron ya fahimta, ya kuma yi niyyar bi. Tsakanin ƙofar gida da tebur ne saƙon ya zube.

Sai kuma linzami. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ke cewa "dakata" tsakanin abin da ya zo rai da abin da ya fito baki, yana aiki da sinadarai irin su dofamin da noradirenalin. Masanin halayyar ɗan Adam Russell Barkley ya bayyana a 1997 cewa raunin wannan dakatawa shi ne tushen larurar. A 2007 masu bincike a Amurka da suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara sama da 400 sun ga cewa ɓawon ƙwaƙwalwar masu larurar yana nuna kamar na kowa, sai dai da jinkirin kusan shekara 3, kuma jinkirin ya fi yawa a sashen gaba. Ɗan shekara 10 ke nan mai wayon ɗan shekara 10, da linzamin ɗan shekara 7. Barkley ya ƙara da wani abu da ya dace da batunmu. Ƙaramin yaro in yana wasa shi kaɗai yana magana da kansa a fili, in ya girma sai maganar ta koma ciki ta zama muryar da ke ja masa kunne. A wajen waɗannan yara komawar tana jinkiri, sai tunanin da ya kamata ya tsaya a zuci ya riƙa fitowa kasuwa. Mu kuma mun ce magana zarar bunu ce.

In aka haɗa allo da linzami, katse magana ya daina zama abin mamaki. Kana cikin zance, wani abu ya faɗo masa. Ya san halin allonsa, ya san in ya jira ka gama abin ya tafi ke nan. Sai ya jefo shi. Kai ka ji raini, shi kuwa a ransa yana nuna maka yana tare da kai ne. Haka kuma in ka ba shi labarin rashin lafiyar mahaifiyarka sai ya ɗauko na tasa. Kai ka ga ya ƙwace zancen, shi ya ɗauka jaje ya yi maka.

Ba da labari ma wani aiki ne. A 1993 Rosemary Tannock da abokan aikinta a Toronto ta Kanada sun sa yara maza sun saurari labari suka ce su maimaita. Masu larurar sun gane jigon labarin kamar sauran, amma da suka zo faɗa sai bayanin ya ragu, tsarin ya hargitse, kurakurai suka yi yawa. Duk wanda ya taɓa tambayar irin yaron nan "me ya haɗa ku faɗa?" ya san abin. Zai faro daga tsakiya: "Shi ne ya ce masa, sai shi kuma ya ɗauke." Wa ya ce wa wa? Me aka ɗauke? Kafin a warware, ɗaya yaron mai tsararren baki ya riga ya ci shari'a. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira maƙaryata a tsakar gida, rashin iya jera labari ne ya kayar da su.

Inda na fi tausaya musu shi ne abin da ba a faɗa da baki. Rabin zancenmu hannunka mai sanda ne. Gyaran murya, harara ta gefen ido, "to madalla" da ke nufin tashi ka ba mu wuri, shirun da ke nufin a'a. Harara ba ta wuce ƙiftawar ido, wanda hankalinsa ke kan ƙadangaren da ke bango a daidai lokacin ya rasa ta har abada. Mai bin bashi ta yi sallama, an aiko yaro ya ce ba a nan, sai ya leƙa ya ce "Inna ta ce ba ta nan". A yi dariya in yana ɗan shekara 5. In ya kai 15 yana irin wannan katoɓara, sunansa ya koma bakin ganga, kuma abokai sun fara yin shiru in ya iso fada.

'Yan mata kuwa sukan ɓace a cikin lissafin. Ana gano maza kusan biyu kan kowace mace ɗaya a yarinta, domin da yawa daga cikin matan ba sa hawa katanga, hankalin ne kawai ke tafiya yawo suna zaune. Yarinya shiru-shiru, kai a sunkuye, a ce kunya gare ta. Sai an kai ta ɗaki a ga tuwo na ƙonewa, saƙon uwar miji ya ɓace a hanya, miji yana cewa "sau nawa zan gaya miki?" Nan kunya ta koma shiririta. Haka in mijin ne mai larurar: ta yi masa bayanin kuɗin makarantar yara yana "to, to", ranar biya ya rantse bai taɓa ji ba. Ita ba mantuwar ce ke ci mata rai ba, fassararta ce: bai ɗauke ni bakin komai ba. Ga shi kuma fushi na zuwa musu da sauri, domin linzamin da ke riƙe harshe shi ne ke riƙe zuciya. Ya faɗi mai zafi, bayan minti 10 ya huce yana neman a yi hira, ita kuwa maganar za ta kwana uku tana cinta.

Na san abin da wani zai ce, domin mijin yayata ya faɗa mini: "Yaron da ke zama minti 90 gaban ƙwallo ko ƙiftawa ba ya yi, shi ne za a ce ba ya iya natsuwa?" Tambaya ce mai ƙarfi. Amsar ita ce hankalin yana nan, juya shi ne ke da wuya. Abin da ke motsi, mai sabon abu kowane daƙiƙa, mai ladan nan take, shi ke kama hankalin ya riƙe, har a yi ta kiran yaron bai ji ba. Abin da ladansa ke nesa, kamar nasihar kawu ko darasin nahawu, yana buƙatar mutum ya ɗauko hankalinsa da kansa ya ɗora, ya kuma dawo da shi duk lokacin da ya zame. Wannan ɗaukowar ce ta yi rauni.

Sai dai a yi hattara, ba kowace ƙiriniya ce larura ba, kuma ban son wani ya karanta wannan ya bi unguwa yana liƙa wa 'ya'yan mutane suna. Likita ba ya yanke hukunci sai alamomin sun kai shida a ɓangare ɗaya ga yaro, ko biyar ga wanda ya kai 17, sun daɗe aƙalla wata 6, sun faro kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri biyu ko fiye, kuma suna ɓata karatu ko aiki ko zama da mutane. A ƙasarmu akwai abubuwa da dama da ke sa rigar wannan larura. Sanƙarau yana barin wasu yara da raunin ji, haka ma ciwon kunne mai ruwa da aka yi sakaci da shi. Akwai nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da yaro, sai dai ya ɗauke shi na 'yan daƙiƙoƙi yana zaune ido buɗe. Ga ƙarancin jini, ga zuwa aji ba karin kumallo, ga rashin barci a zafin Afrilu in wuta ta ɗauke. Ga kuma yaron da ya tashi da Hausa a gida aka zaunar da shi gaban darasi da Faransanci: wannan in ya kalli taga, ba shi da abin saurare ne. Yaron da ke natsuwa a gida da makarantar allo amma ya birkice a lakwal kaɗai, a fara binciken lakwal ɗin. Kafin komai, a auna kunne.

Gyaran yana farawa daga mai magana, ko da yake manya ba sa son jin haka. Saƙon da aka jefo daga madafa zuwa zaure, yaro na tsakiyar wasa, bai isa ba tun farko. A matso kusa, a kira sunansa, a dafa kafaɗarsa, a jira "na'am" ta gaskiya. Littattafan Turai na cewa a sa yaro ya kalli idonka. Wannan ba tamu ba ce, yaron da aka hora da sunkuyar da kai gaban babba in ka tilasta masa kallon ido ka ƙara masa wani aikin ne a kan allon da ya riga ya cika. Dafawar ta wadatar. Sannan a ba shi abu ɗaya ko biyu, ba biyar ba, a ce "maimaita mini". Kakanninmu na yin haka da ɗan aike tun kafin a san sunan wata larura, mu ne muka yar. Kuma a faɗi abin da ake so a yi. "Ka natsu" ba ta nuna wa yaro inda zai sa hannunsa. "Zauna kan tabarma har in gama da baƙo, sannan ka ba ni labarin" ta nuna, ta kuma yi masa alkawarin cewa labarin nasa ba zai mutu ba.

Yabo shi ne wurin da muke da rowa. Muna tsoron kan yaro ya kumbura, sai mu yi shiru in ya yi daidai, mu yi magana in ya ɓata. Ga wanda ladan nesa ba ya jan sa, wannan tsari ya juye. Ranar da ya jira ka kai aya, gaya masa nan take: "Na ga ka jira na gama, Allah ya yi maka albarka." Irin wannan horo na iyaye shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba cikin shirinta na mhGAP, wanda aka tsara domin wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce da shi za a fara ga yaran da ba su kai shekara 6 ba, kafin a yi zancen magani. Bulala kuwa ba ta faɗaɗa allo. Abin da na ga ta koya wa ɗan yayata shi ne ya ce "mai tebur ba shi da gishiri".

Babba mai larurar yana da nasa aikin, kuma sanin sunan abin ba lasisin katse mutane ba ne. Tunda tsoron mantuwa ke sa shi jefo magana, sai ya sama wa tunanin wurin ajiya: kalma ɗaya a takarda ko a waya yayin taro, ko ya lanƙwasa yatsa ya riƙe har a ba shi dama. In hankalinsa ya tafi ya dawo, gara ya ce "yi haƙuri, maimaita mini daga zancen kuɗin" da ya ci gaba da gyaɗa kai. Mutane sun fi yafe wannan fiye da yadda ake zato. Da yawansu sun fi saurare in hannu na aiki, saboda haka mai jan carbi ko mai haɗa shayi a fada yana iya fin wanda ya harɗe hannu jin abin da ake faɗa, kuma zance mai nauyi tsakanin uba da ɗa yakan fi shiga a kan hanyar masallaci fiye da a durƙushe a ɗaki. "An jima" ba lokaci ba ne a wajensu, amma "da an sallame la'asar" lokaci ne, domin ladan zai tuna musu. Mata da miji na iya shirya wata alama tasu, taɓa gwiwa ko ajiye kofi, mai nufin "bari ya ƙarasa", ba tare da an kunyata kowa gaban baƙi ba. Abin da aka yanke da baki a bi shi da saƙon murya a WhatsApp, gajere, ba na minti bakwai ba. In rai ya ɓaci kuma, koyarwar da muka sani ta wanda ke tsaye ya zauna, ko ya tashi ya yi alwala, ita ce dakatawar da ƙwaƙwalwar ta kasa yi da kanta, aka aro mata daga waje.

Magani yana nan, kuma yana aiki ga da yawa. Tun 1937 likita Charles Bradley ya lura cewa wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa yana natsar da irin waɗannan yara, abin da ya zo kamar almara har aka gane linzamin yake ƙarfafawa. Wanda aka fi sani yau shi ne Ritalin. Yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, likita kaɗai ke rubuta shi yana bin nauyin yaro da barcinsa da cin abincinsa. Ba abin nema ba ne wajen masu tallan ƙwayoyi a tire, musamman da yake masu wannan larura sun fi sauran shiga haɗarin shaye-shaye, kuma mun ga abin da tramol ya yi wa samarinmu. Hanya ita ce likitan yara tukuna, shi zai tura gaba in da buƙata. Na san sunan Pabiyon E, sashen likitocin ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, yana sa iyaye ja da baya, saboda mun mayar da shi abin zolaya, amma likitan ƙwaƙwalwa ba na masu yawo a bola kaɗai ba ne. Wanda ya kai ɗansa wajen malam a yi masa addu'a bai yi laifi ba, sai dai ya haɗa da auna kunnen.

Yayata ba ta karanta ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba. Abin da ta ɗauka daga bakin likita shi ne yatsu. Takan kira shi, ta kama hannunsa, ta danna babban yatsa ta ce magi, ta danna manuni ta ce tattasai, ya maimaita, ya fita da yatsun biyu a dunƙule. Rariya kuma aike ne na daban, bayan ya dawo. Canji har yanzu yakan baro shi, mai teburin ya saba, yana jefa shi a wani gwangwanin tumatir har uwar ta biyo da yamma.